Shekarar da Muka Daka Ƙaiƙayi

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwan sama. Geron da muka shuka bayan ruwan farko ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, sai ya tsaya, yanzu ganyensa ya nannaɗe kamar an gasa shi. Da hantsi in ka taka ƙasar gona ba takalmi, kai da kanka za ka ɗaga ƙafa. Hadari yakan haɗo ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi, mu mayar da shanyarmu.

Shekaranjiya aka yi suna a maƙwabta. Muna zaune ana hira, na ce bana akwai yunwa a garin nan, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Magana ce da kowa ya sani. Kafin magariba ta isa kunnen ɗana Habu. Ya shigo ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Inna, don Allah ki riƙa rage irin wannan maganar a cikin mutane. Ana rubuta sunayen waɗanda za a ba taki. In aka ce a gidanmu ake zagin hukuma, cire mu za a yi."

Na ce, "Wa na zaga?"

Ya ce, "Ba ki zagi kowa ba. Amma dai a yi haƙuri, Inna."

Ya fita ya bar ni. Ba shi nake jin haushi ba, mai iyali ne, takin yake nema. Haushin da ya taso mini ya girme shi.

Shekara arba'in da wani abu ke nan, zamanin soja, aka yi mana wani fari a ƙauyen nan namu na kusa da Makoɗa. Lokacin shekarata huɗu a gidan Malam Idi, Allah ya jiƙansa. Mu huɗu ne a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, da ɗana na fari, Umaru, mai shekara uku. Daminar da ta wuce ma ba ta yi kirki ba, saboda haka tun bazara muke leƙa rumbu muna sake leƙawa. Ruwan farko ya sauka da wuri, ya ruɗe mu. Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni da Iya muna bi muna zuba iri muna takewa, yaron yana biye da mu da ɗan ƙoƙonsa, wai shi ma shuka yake yi. Shukar ta fito, rana ta cinye ta. Muka sake. Muka sake na uku a busasshiyar ƙasa, muka yi binne, tsuntsaye da gara suka yi mana godiya.

Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Ruwan randa ɗumi yake yi. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an ƙara igiya, abin da guga zai fito da shi rabinsa laka. Da asuba, bayan salla, mata mukan fita ayari-ayari da ƙwarya neman ganye. Tafasa da yaɗiya da lalo, duk abin da ya yi kore a bakin fadama. Da farko kusa ake samu, daga baya sai mun yi tafiya har rana ta take. Mu dawo mu dafa, mu matse, mu barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri ya wadatar. Dusar da muke ba akuya muka koma tankaɗewa muna dama kunu da ita. Akuyar ma daga baya aka kai ta kasuwa. Maza kuwa ba su daina fita ba. Sukan yi gayya su bi gonakin juna suna gyaran kunya, suna jiran ruwa, gayya ba fura, ba kiɗa, sai dai a sha ruwa a ɗaure ciki da rawani.

A rumbunmu dami uku na gero ya rage. Malam ya ce biyu na iri ne, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba za a taɓa ba. Ɗayan na yaron ne. Kullum da safe Iya takan zaro zangarniya biyu ko uku ta ba ni, in sussuke, in daka, in dama masa kunu shi kaɗai. Yana sha ina kau da kai, don kada ya ga maƙogwarona yana motsi.

Wata Talata da yamma mai shela ya zaga gari da gangarsa. Ya ce dagaci yana gaishe da kowa. Ya ce jibi manyan baƙi za su zo daga birni su duba halin da ƙasa take ciki. Ya ce dagaci ya ce, hakimi ya ce, kada wanda ya kuskura ya ambaci yunwa. Ruwa ne ya ɗan yi jinkiri, shi ke nan. Wanda duk ya kunyata ƙasa a gaban baƙi, ya kuka da kansa.

Daga baya muka ji dalili. Ashe hakimi ya riga ya aika sama cewa ƙasarsa lafiya lau take, talakawansa sun yi tanadi. In baƙi suka ga akasin haka, rawaninsa ne zai girgiza, in nasa ya girgiza na dagaci faɗuwa zai yi.

Washegari mai unguwa ya biyo gida-gida da samari, wai kowa ya fito da abin da ya rage masa a rumbu, za a jera a ƙofar gidan dagaci baƙi su gani, in sun tafi kowa ya ɗauki nasa. Malam ya tsaya a gaban rumbu ya ce, "Iri ne, da abincin yaro." Mai unguwa ya ce, "Malam Idi, aro ne na yini ɗaya. Ni ma aiko ni aka yi." Suka ɗauke duka ukun. Da za su fita ya juyo ya ce da mu mata, gobe kowane gida a hura wuta hayaƙi ya tashi, a yi ta daka, baƙi su ji garin yana da rai. Yaran da suka rame kuma a bar su a ɗaka.

Na ce, "Me za mu daka?"

Ya ce, "Ko ƙaiƙayi ne ku zuba. Daga waje wa zai sani?"

Na daka. Wannan nake so a sani, don ba na son in ba da labarin nan kamar ni ba ni da hannu. Ranar Alhamis da hantsi, da muka ji ƙugin motoci, na zuba ƙaiƙayi a turmi, ni da Iya muka kama taɓare muka shiga lugude. Gidan dama suna yi, gidan hagu suna yi, garin duka ya ɗauka, kai ka ce biki za a yi. A kan murhu tukunya tana tafasa da ruwa zalla. Ɗana yana kwance a ɗaki, tun jiya bai sha kununsa ba, ya ji daka ya rarrafo bakin ƙofa da ƙoƙonsa a hannu, yana jira. Na gan shi. Ban daina daka ba.

Gidanmu yana kallon filin ƙofar gidan dagaci. Da hannuna ya gaji na jingina taɓarya na leƙa ta dangar kara. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, baƙi su biyar, ɗaya da kakin soja. Ga damman gari an tara kamar kaka ta yi. Na gane namu, don Malam da igiyar rama yake ɗaure nasa, ɗauri biyu. Dagaci yana magana yana nuna su da sanda, baƙi suna gyaɗa kai. Sai na ga Malam ya miƙe daga cikin jama'a.

Mutum ne da in yana magana sai ka matso. Ran nan har inda nake na ji shi. Ya ce, "Ranku ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hatsin nan jiya aka karɓo shi daga gidajenmu, shi ne iyakar abin da ke garin nan. Dakan da kuke ji ƙaiƙayi ne. Yunwa muke ji. Ku shiga gidana ku ga ɗana."

Luguden mata yana ta tashi daga gidaje. Ba wanda ya ɗaga kai. Mutanen da suka yi gayya tare da shi shekaranjiya, kowa ya zuba wa tabarma ido. Dagaci ya yi dariya ya sunkuya wajen babban baƙon ya ce, "A yi masa uzuri, ranka ya daɗe, yana da ɗan taɓin hankali." Baƙon ya yi murmushi, ya duba agogonsa. Ba wanda ya shigo gidanmu. Taku nawa ne daga kujerarsa zuwa ƙofarmu? Bai kai hamsin ba.

Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba dogaran hakimi biyu suka tasa Malam a gaba. Ko hularsa da ta faɗi ba su bar shi ya ɗauka ba. Hatsin kuma aka shigar da shi gidan dagaci, wai za a tantance na kowa. Har yau ana tantancewa. Bayan sati biyu muka riƙa ganin manyan motoci ɗauke da buhuna suna wucewa ta titi zuwa ƙasashen da hakimansu suka yarda suka ce suna jin yunwa. Mu an rubuta mu cikin masu wadata.

Kwana goma sha ɗaya Malam ya yi a tsare a gidan hakimi. A cikinsu yaron ya tafi. Na ba shi kunun dusa, cikinsa ya ƙi, ya kama gudawa. Ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na je ƙofar gidan dagaci da kaina, ni da ban taɓa taka ƙofar fada ba, na roƙi ko zangarniya biyar daga cikin namu. Wani bafade ya ce in koma gida, matar mahaukaci ba ta da magana a nan. Ranar Laraba da walaha, yana kan cinyata, ya yi ajiyar zuciya sau biyu, shi ke nan.

Na buɗe baki zan yi ihu, Iya ta damƙe mini kafaɗa. Ta ce, "Tabawa! Ɗan fari ne. Kada ki ba mu kunya. Haɗiye."

Na ce, "Iya, ɗana ne."

Ta ce, "Ni biyar na binne, wa ya ga hawayena? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ga shi kuma idon gari yana kanmu, in aka ji kururuwa daga gidan nan cewa za a yi da gayya muke yi, su ƙara riƙe shi. Haɗiye, na ce."

Na haɗiye. Na ji lokacin da abin ya wuce maƙogwarona ya sauka a ƙirji, kamar na haɗiyi ƙwallon goriba. Maza suka zo suka ɗauke shi a ɗan guntun zane. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida. Matan da suka zo gaisuwa suna ta yabona, "Kai, yarinyar nan akwai kara. Ko gezau." Ina amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki." An tambayi me ya same shi, Iya ta ce zazzaɓi ne. A garin nan yara da yawa zazzaɓi ya kashe a shekarar nan. Ko ɗaya yunwa ba ta kashe ba.

Malam ya dawo ranar Litinin da azahar, yana takawa da gefen ƙafa don tafin ya kumbura, kunnensa na hagu yana zubar da ruwa. Kunnen bai sake ji ba har ya koma ga Allah. Ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube. Ya ce, "Ina mutumin?"

Na ce, "Ya koma."

Ya yi salati, ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauki fartanya ya fita gona, gonar da ba komai a cikinta. Ranar Juma'a aka tsayar da shi a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi, sharrin shaiɗan ne, yana neman gafarar shugabanni. Sharaɗin sakinsa ke nan.

Ruwa ya zo bayan kwana tara. Ya zo da ƙarfinsa, ya yi ta zuba har bango yana zubewa. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fito tsirara suna tsalle, ni kuwa na shige ɗaki. Lokacin gero ya wuce. Wani ɗan'uwan Iya daga wajen Minjibir ya aiko mana da ɗan wake da dawa mai saurin nuna, muka shuka, mu uku. Tafasa ta fito ko'ina, muka ci muka rayu. Da kaka aka sami abin da aka samu. Mutanen da suka sunkuyar da kai ran nan suka dawo suna gaisawa da Malam kamar ba a yi komai ba, shi ma yana amsawa kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ban iya bayaninsa sosai. Ban ce na manta da yaron ba, amma na rufe shi a wani wuri na daina zuwa. Na haifi Habu bayan shekara biyu, na haifi wasu biyar. In aka tambaye ni haihuwa nawa, sai in ce shida, kuma wallahi a lokacin da nake faɗa ba na jin ƙarya nake yi. Sai dai in na ji lugude daga gidaje da yawa lokaci guda, numfashina yakan tsaya, in nemi bango in dafa. Aka ce iska ce. Na sha rubutu, na yi turare, an kai ni asibiti aka ce jinina ne ya hau. Malam kuwa in ya ji ƙugin mota ta shigo gari, ko tuwo yake ci zai tsame hannu ya zaga bayan gida.

Akwai ranar da Habu, yana ɗan shekara biyar, ya shigo da gudu daga wasa ya ce, "Inna, yunwa nake ji." Shekarar ƙoshi ce, tuwo yana kan wuta. Ban san lokacin da na kwaɗa masa mari ba, har ya faɗi. Na ce, "Kada in sake jin kalmar nan a bakinka!" Ya tashi yana kallona, bai san laifinsa ba. Ni ma ban sani ba. Abin da dagaci ya aiko mai shela ya faɗa da ganga, ni na ɗauko shi na shigo da shi har ɗakina, ba dogari, ba bulala. Yanzu in Habu ya ce mini a rage murya, na san inda ya koya.

Shekara talatin muka ƙara yi da Malam ba mu taɓa ambaton yaron ba. Ina jin haushinsa don ya yi magana ya bar ni ni kaɗai da gawa a cinya. Ina jin haushin kaina don shi ya yi magana ni na daka ƙaiƙayi. Duka biyun na danne, na yi masa tuwo, na wanke masa kaya.

A ciwonsa na ajali, wata ranar da hantsi, ina ba shi kunu da ludayi, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tabawa, ya neme ni?"

Ban tambaye shi wa yake nufi ba. Na ce, "Ya neme ka. Kwana biyu yana kallon ƙofa yana cewa Baba."

Sai Malam ya fashe da kuka. Ban taɓa jin irin wannan sautin daga bakin namiji ba. Ni ma abin ya ɓalle mini, na ajiye ludayin na yi ta rusa ihu, tsofai-tsofai da mu, ƙofa a buɗe. Matan 'ya'yanmu suka shigo da gudu suna salati, sun zaci ya cika. A ranar Habu ya san yana da wa.

Bayan kwana shida Malam ya rasu. Ranar sadakar uku aka kawo tsohon dagacin gaisuwa, ya tsufa tukuf, ana riƙe da shi, ɗansa ne a kan sarautar. Ina cikin ɗaki cikin takaba ina jin muryarsa daga zaure yana cewa, "Marigayi mutum ne mai haƙuri. Tunda nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Jama'a suna cewa, "Haka ne, haka ne." Can sai ga liman ya leƙo ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ce, "Tsoho ya ce a gaishe ki. Ya ce kuma zama ya yi tsawo, in akwai wani abu da ya taɓa shiga tsakani, a yafi juna."

Matan da ke ɗakin suka amsa mini tun kafin in buɗe baki, "Ai ba komai, Liman, ta yafe."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Na miƙe na ja mayafina na fito har bakin zaure, mata suna riƙe ni ina fizgewa. Na tsaya daga bayan ƙofa na ce, "A gaya masa Tabawa ce, matar mahaukaci. Wani abu da yake cewa, sunansa Umaru, shekararsa uku, kuma ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba, yunwa ce. Ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gaban mutanen nan, kamar yadda aka sa Malam ya tsaya a ƙofar masallaci. In ya faɗa, sai ya tambaye ni."

Na jira. Na ji tarinsa, na ji ana gyara masa sanda, na ji takun masu riƙe da shi suna fita. Bai faɗa ba. Bayan shekara biyu ya mutu, aka cika gari da gaisuwa, ban je ba.

Liman ya sha zuwa yana yi mini nasiha cewa yafiya ta fi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Wataƙila kafin in mutu Allah ya sanyaya mini zuciya in yafe. Amma in na yi, ni zan yi da bakina, ranar da na ga dama. An karɓi hatsina, an karɓi muryar mijina, an karɓi kukana. Wannan ɗayar tana hannuna, kuma ba wanda zai amsa mini ita.